Sai a Gaban Alƙali

Saniyar da ta fara kuka da hantsin nan, Jalo ya gane ta tun bai ɗaga kai ba. Jar nan ce mai karyayyen ƙaho, wadda ta haihu a farkon bazara. Yana zaune a ƙasa cikin ɗakin tsaro na ofishin 'yan doka, a wani garin hakimi da ke kan hanyar Azare zuwa Katagum. Shanunsa suna bayan ginin, cikin shingen ƙayar da ake tara dabbobin da aka kama suna ɓarna. Rabonsu da ruwa tun shekaranjiya, domin jiya a hanyar kogi aka tare shi, aka koro shi da shi da su zuwa gari.

Abin da ya jawo kamun wani takarkari ne baƙi. Wata guda da ya wuce ya biyo garken Jalo daga mashaya, yana ɗingishi, cinyarsa ta dama a kumbure. A al'adar makiyaya ba a korar dabbar da ta ɓata ta biyo garke. Ana riƙe ta, a kiwata ta kamar ta gida, a gaya wa Arɗo, shugaban makiyaya, ya baza cigiya, har ranar da mai ita zai zo. Jalo ya yi duk wannan. Ya kuma yi wa takarkarin maganin da ya gada, ya gasa ƙarfe ya yi masa lalas a kan kumburin, kafin mako ya zagayo ɗingishi ya tafi. Abin da bai lura da shi ba, a ƙarƙashin kumburin nan ne shaidar mai san take, ƙarfen kuwa ya bi ta kanta ya shafe rabinta. Ranar da Malam Saleh, falken Misau mai fataucin kanwa, ya hango takarkarinsa a cikin shanun Jalo ya ga an taɓa shaidarsa da wuta, bai tsaya tambaya ba. Ofishin 'yan doka ya nufa.

Saje Babayo ya shigo da takarda a hannu, wani ɗan doka na biye da shi da kujera. Dogo ne, mai sanyin murya, ba ya zagi kuma ba ya ɗaga kulki. Ya zauna, ya cire jar dararsa ya ɗora a gwiwa.

"Ɗan Fulani, ka kwana lafiya?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe."

"Madalla. Mu ƙarasa 'yar maganarmu ta jiya, kowa ya huta. An sami san a cikin shanunka, ko ba a samu ba?"

"An samu. Amma shi ne ya biyo..."

"An samu. Kai ka sa masa wuta a cinya?"

"Ni ne. Ƙafarsa ce ta..."

"Kai ne." Saje ya duƙa yana rubutu. "Ka san inda mai shi yake sa shaida?"

"Ban gani ba, wurin a kumbure yake."

"Ban tambaye ka kumburi ba. Shanunka nawa ne?"

Jalo ya sunkuyar da kai. Bafillace ba ya ƙirga shanunsa da baki, balle a gaban baƙo. Ya san kowace da kamanninta da uwarta da kakarta, in guda ta ɓace zai sani tun garke bai gama shiga ba, amma faɗin adadi abu ne da ake gudu, kada a jawo musu baki.

"Ka gani?" in ji Saje ga ɗan dokan da ke tsaye. "Mutum bai san yawan dukiyarsa ba. Ina zai sani, kullum ƙaruwa take da na mutane."

Ɗan dokan ya yi dariya. Jalo ya ji kunnuwansa sun yi zafi.

Saje ya miƙe, ya ce zai je ya gyara rubutun ya dawo. A bakin ƙofa ya juyo. "Jibi sufeton 'yan sandan Gwamnati zai iso daga Bauchi. Shi ba ya jin Hausa sosai, ba ya kuma da haƙuri irin nawa. Gara mu gama tsakaninmu. Kana dangwala yatsa a takarda, zan sa a buɗe shinge a kai shanunka kogi."

Bayan fitarsa ba da daɗewa ba aka ji hayaniya a waje, wani yana cewa abinci ya kawo wa bawansa, kuma ba a taɓa hana ubangiji ciyar da bawansa ba ko a gidan yari. Kashim ne, Babarbare, dillalin shanu, wanda Jalo ke sauka a gidansa duk ranar kasuwa tun zamanin mahaifinsa. Tsakanin Barebari da Fulani akwai wasa, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa, su biyun nan kuwa ba su taɓa gajiya da shi ba. Ɗan dokan ya leƙa cikin ƙwaryar, ya ga fura ce, ya bar shi ya shiga.

"Kai, dubi yadda ka koma," in ji Kashim yana tsugunawa. "Dama Bafillace ba auki, ga shi an ƙara tsotse ka. Sha."

"Na ƙoshi."

"Ka ƙoshi da me? Iska? Na san ba za ka sha a gabana ba, kunyarku ta banza. Zan juya baya." Ya juya ɗin, sannan ya sauke murya ya koma Fulatanci, wanda ya iya tun yana yaro. "Me ka gaya masa?"

Jalo ya faɗa masa. Kashim ya girgiza kai.

"Duk gaskiya ce na faɗa," in ji Jalo.

"Gaskiya ce, amma guntu-guntu ya karɓe ta, ya zaɓi wadda yake so. Ka saurare ni da kyau, ba ni da lokaci. Sana'ata ta sha kai ni gaban alƙali shaida, na ga yadda ake yi. Shi Saje ba ya yanke hukunci. Aikinsa ya kai ka gaban alƙali, a can ne za a ce ka faɗi maganarka tun daga farko, ba mai katse ka. Amma in ka riga ka dangwala yatsa a nan, takardar ce za ta yi magana kafin kai, kuma wuya ne a ji ka bayanta. Shanu sun ɓace a hanyar Misau har sau uku bana, ba a kama kowa ba, ga sufeto na tafe. Kana ganin san nan kaɗai zai rubuta?"

Jalo ya ajiye ƙwaryar.

"Saboda haka duk abin da ya tambaye ka, ka ce masa sai a gaban alƙali. Kada ka yi masa ƙarya, kada ka yi masa rashin kunya, kada ka yi gardama. Ka ce a kira Arɗo. Yatsanka kuwa ka riƙe abinka."

"Shanun fa?"

"Na roƙe shi, ya ƙi. Hakimi ya fita rangadi. Yanzu zan hau keke in tafi Azare in kai kuka wurin alƙali, in ce na tsaya maka, na tsaya wa shanun. Na aika a gaya wa Arɗo."

"Azare da nisa. Jar nan tana shayarwa, ba za ta kai yamma ba."

"Mai yiwuwa ba za ta kai ba," in ji Kashim. Bai yi ƙoƙarin ɓoye masa ba. Ya miƙe, ya koma Hausa da ƙarfi don ɗan doka ya ji. "To bawana, ka zauna lafiya. Kada ka gudu, da tsada na saye ka."

"Tafi can," in ji Jalo. "Wa ya taɓa ganin Babarbare da abin sayen mutum?"

Da rana ta take tsaka Saje ya sa aka kawo Jalo ofishinsa. Ɗaki ne mai teburi ɗaya da taga ɗaya, tagar kuwa shingen take kallo. An buɗe ta warwar. Shanun sun taru a gefen da wata 'yar aduwa ke ba da inuwar da ba ta isa ko biyar daga cikinsu ba. Sun daina kuka da ƙarfi, sai wani gurnani ƙasa-ƙasa, wanda ya fi kukan tayar wa Jalo da hankali. A wajen shingen matarsa Dijatu na tsaye da wasu mata biyu na rugarsu, kowace da ƙwaryar ruwa a ka. Wani ɗan doka ya gindaya musu kulki.

Saje ya shimfiɗa takardar a kan teburi, ya buɗe ɗan gwangwanin tawada ya tura gaban Jalo.

"Ga shi. Abin da ka faɗa ne kawai."

Jalo ya dubi takardar. Bai san boko ba, bai san ajami ba, amma ya ga rubutu ya cika ta daga sama har ƙasa, ya juya baya.

"Ranka ya daɗe, abin da na faɗa kaɗan ne. Wannan da yawa."

"Haka rubutu yake. Kalma ɗaya sai ta ci layi."

"To a karanta mini."

Saje ya ɗago ya dube shi, kallon da bai yi masa ba tun jiya. "Dillalin nan ne ya koya maka?"

"Sauran maganata sai a gaban alƙali. Ina roƙo a kira Arɗonmu."

"Arɗo ba shi da aiki a nan. Ka ce kai ka sa wa san wuta, ko ka fasa?"

"Sai a gaban alƙali, ranka ya daɗe."

"Ranar kasuwar Dambam da ta wuce kana ina?"

Jalo ya buɗe baki. Ya san inda yake ranar, yana bakin kogi, mutum goma sun gan shi, amsar tana kan harshensa kuma gaskiya ce tsantsa. Ya tuna yadda amsoshinsa na safe suka koma. Ya haɗiye ta.

"Sai a gaban alƙali."

Saje bai yi fushi ba. Ya jingina da kujera, ya ɗauko goro ya ɓare, ya miƙa wa Jalo rabi. Jalo ya karɓa da hannu biyu saboda ladabi, ya riƙe bai ci ba.

"Ni ma ɗan makiyaya ne ta wajen uwa," in ji Saje. "Na san abin da kake ji. Kana tsammani ina jin daɗin ganinsu haka? Ba ni na hana su ruwa ba, kai ne. Su shaida ne, ba zan sake su ba sai an rufe magana. Laifin ma ƙarami ne. Wanda ya amsa da kansa ana yi masa sassauci, wata biyu ko uku ka dawo gida. In ka bari sufeto ya zo, Bauchi za a kai ka, kuma wanda aka kai Bauchi sai 'ya'yansa sun manta kamanninsa."

Jalo bai san ko gaskiya ne ba. Yana iya zama gaskiya. Kashim dillali ne, ba malami ba, kuma yanzu yana can a kan hanya cikin rairayi da tsohon kekensa da kullum sarƙa ke zamewa. Idan alƙali ya tashi daga zama kafin ya isa fa? Idan ya ce sai gobe?

Aka kira azahar. Saje ya ba shi izinin yin salla a bakin ƙofa, aka ba shi buta. Yana zuba ruwan a hannunsa, shanun da ke kusa da shinge suka jiyo ƙanshinsa, suka taso suna turereniya har ƙayar na karce musu wuya. Da ƙyar ya gama alwala. Da ya idar aka mayar da shi gaban teburin, takardar na nan inda take.

Can sai jar saniyar ta durƙusa. Ta fara da ƙafafun gaba, ta daɗe a haka kamar mai tunani, sannan ta kwanta ta miƙe wuya a ƙasa. Ɗan maraƙinta ya zagaya yana tunkuɗar hantsarta.

Jalo ya miƙe tsaye bai sani ba. Ɗan doka ya dafa masa kafaɗa ya zaunar da shi.

"Har yanzu za ta tashi in ta sha," in ji Saje a hankali. "Ga ruwa can a kan matarka, taku kaɗan ne. Sa yatsa, in yi magana ɗaya ta taga."

Saniyar nan mahaifinsa ne ya ba shi kakarta ranar da aka raɗa masa suna. Duk jajayen da ke cikin garken daga tsatsonta suka fito. Jalo ya ajiye goron a kan teburi. Ya ɗaga hannun dama, ya dubi babban yatsansa, ya kai shi kan gwangwanin. Tawadar ta yi sanyi. Saje ya gyara takardar, ya nuna masa wurin da ɗan alƙalaminsa.

Daga waje Dijatu ta ɗaga murya. Ba ta kira sunansa ba, domin matar Fulani ba ta kiran sunan mijinta, ba ta ma dubi tagar ba. Da matar da ke kusa da ita take magana, cikin Fulatanci, amma da ƙarfin da duk filin zai ji.

"Ki gaya wa mai shanun nan na ga ta kwanta, ba makauniya ba ce ni. Tana da 'ya'ya mata a garke. In ya bari aka tafi da shi, ni ba zan iya kai su Gongola da rani ba, ƙannensa za su raba su, yaransa su tashi a hannun wasu. Ya zauna inda yake."

"Me take cewa?" Saje ya tambayi ɗan dokan, duk da cewa ya ji.

Jalo ya janye hannunsa. Ya dubi yatsan, baƙi ƙirin, sannan ya goge shi a gefen rigarsa, a hankali, har sai da tawadar ta bar dogon tabo a jikin saƙin.

"Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri. Sai a gaban alƙali."

Daga nan bai sake cewa komai ba. Saje ya yi tambaya, ya sake, ya canza murya, ya buga teburi sau ɗaya, ya fita ya dawo. Jalo ya kafa idonsa a kan ƙafar teburin, ya ƙi duban taga. Kunnensa ne kawai ya kasa toshewa.

La'asar ta yi sanyi kafin a ji ƙarar keke. Kashim ya shigo, rawaninsa a warware, ƙafafunsa fari fat da ƙura, bayansa wani dattijo ɗan aiken alƙali a kan nasa keken. Dattijon ya yi sallama, ya gaida Saje da girmamawa, ya isar da saƙo: alƙali ya ce a kawo mai ƙara da wanda ake ƙara da takarkarin gobe da safe, shanun kuwa a damƙa su ga wanda ya tsaya musu.

Saje ya ninke takardarsa ya sa a aljihu. "Dama abin da nake shirin yi ke nan," in ji shi.

Aka janye ƙayar bakin shinge. Shanun suka fito a guje, Dijatu ta shiga gabansu tana kiransu don kada su tattake juna, suka bi ta zuwa kogi. Jar ba ta tashi ba. Matan suka zuba mata ruwa a baki, ya dawo ta gefe. Kashim ya tsuguna ya duba idonta, ya zo bakin taga ya tsaya, bai yi wasa ba wannan karon.

"Yanka ta," in ji Jalo. "Kada ta mutu mushe. A ba matan da suka ɗauko ruwa, sauran a raba."

Washegari a Azare, alƙali ya fara da Saje. Ya tambaye shi ko wanda ake ƙara ya amsa laifi. Saje ya ce ya amsa cewa shi ya sa wa san wuta. Alƙali ya ce ba wannan ya tambaya ba, ya amsa sata? Saje ya ce bai amsa ba. Takardar ba ta fito daga aljihu ba.

Sannan aka ce Jalo ya yi magana. Ya fara tun daga mashaya, yana yi yana tsayawa, yana jiran a katse shi, ba wanda ya katse shi. Arɗo, wanda ya kwana a hanya, ya shaida cewa an kawo masa cigiyar baƙin takarkari, ya kuma sa an faɗa a kasuwanni biyu. Alƙali ya juya ga Malam Saleh ya tambaye shi yadda san yake ranar da ya ɓace. Falken ya ce gaskiya yana ɗingishi, shi ya sa ma aka sauke masa kaya aka bar shi a baya. Aka fita aka duba dabbar, ta taka lafiya lau. Da aka tambayi Malam Saleh ko yana da mai shaidar sata, ya ce ba shi da shi. Jalo ya yi alwala ya rantse, alƙali ya ce Malam Saleh ya kama takarkarinsa, Jalo ya tafi gida.

Har ya yunƙura zai tashi, alƙali ya dubi tabon da ke rigarsa.

"Akwai abin da aka yi maka a tsare da kake so ka faɗa?"

Kai kuka a gaban jama'a abin kunya ne a wurin su Jalo, tun yana yaro aka koya masa cewa namiji ba ya cewa ya ji zafi. Ba a doke shi ba, ba a zage shi ba. Ya ji bakinsa na shirin cewa babu komai.

"Ni ba a yi mini komai ba, Allah ya gafarta malam," in ji shi. Ya ɗan tsaya. "Shanuna aka hana ruwa, aka ce sai na sa yatsa. Ɗaya ta mutu."

Alƙali ya ce wa muhutinsa, marubucin kotun, ya rubuta. Ya ce Jalo da mutanensa su tafi, Saje Babayo ya dakata.

A waje Kashim ya jingina da kekensa yana duba sarƙar da ta sake zamewa.

"Maraƙin ya sha?" Jalo ya tambaye shi.

"Ya ƙi. Matarka ta gwada shi da farar nan, ta harbe shi."

"Ba farar za a ba shi ba. Akwai wata da ɗanta ya mutu, ita za ta karɓe shi in an shafa masa gishiri." Ya karɓi sandarsa daga hannun Arɗo ya saɓa a kafaɗa. "Mu tafi tun rana ba ta yi ba."